Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Ni mai gyaran takalmi ne a Agege,
gefen layin dogo, ƙarƙashin wata laima da iska ta karya wa haƙarƙari.
Shekara goma sha tara ina ɗinke abin da Ikko ta yaga.
Na san nauyin gwangwanin sholisho a tafin hannuna
yadda mai awo ta san tiyarta.
Ran Talata na ɗaga shi, na ji sakayau.
Ran Alhamis ya ƙara.

Na zargi zafin rana, na zargi murfin,
na zargi Kamoru mai facin taya
har muka kwana biyu ba gaisuwa.

Yaron ɗan fari ne, ba na kiran sunansa.
Haka na taras, haka ubana ya yi mini.
"Kai" nake cewa, ko in yi gyaran murya.
Bana ya shiga sha huɗu.
Wandon makaranta ya gudu ya bar idon sawu a fili,
murya ta fashe, kamar zakaran da ke koyon cara,
ƙuraje sun yi sansani a goshi,
saman leɓe kamar an goga gawayi.
Wata asuba na gan shi bakin rijiya
yana wanke gajeren wando, yana waige-waige.
Na gane.
Na ɗauki buta na wuce masallaci.
Na ce malam zai gaya masa. Malam ya ɗauka na gaya masa.
Hansatu na tuyar awara, hayaƙi ya cika mata ido.

Ashe titi ba ya jin kunya.
Abin da na kasa faɗa, an faɗa masa a bayan gareji,
inda kwandastocin danfo ke raba cinikin yamma.
Wannan, in ji su, tana zaunar da murya.
Wannan tana sa ka dubi yarinya ido cikin ido.
Jar ƙwaya, maganin tari a robar lemo,
wanda ba shi da ko sisi ya zo da tsumma.
Shi kuwa ubansa na da gwangwani.

Iya Muyiba mai sayar da jiƙo ce ta tare mini rana,
ta ce da guntuwar Hausarta,
"Malam, yaronka na ƙasan gada, yana yi wa jirgi dariya."

Na tafi da bel a hannu.
Na same shi kan wata tsohuwar taya,
tsumma dunƙule a hanci, tsummana na goge takalma.
Warin da ya saya masa madara yana goye,
warin da ya biya kuɗin zangon farko,
shi ke fitowa daga numfashinsa.

Na ce, "Kai."
Yara huɗu suka ɗago, ban da shi.
A Ikko kowa kai ne.
Jirgi ya wuce, gada ta yi rawa, bel ya yi mini nauyi.
Sai na ce, "Lurwanu."
Sunan ya fito da tsatsa,
kamar ƙusa daga tsohuwar dunduniya.
Ya ɗago jajayen idanu a hankali,
ya ce, "Baba, ashe ka san shi?"

Ba zan ce ya daina ba.
Shekaranjiya ma ya shigo yana tauna cingam uku a haɗe.
Gwangwani yanzu ƙarƙashin matashina yake kwana,
malamar asibiti ta ce mu koma Litinin.
Amma in ya taso makaranta yakan zauna kusa da ni,
in miƙa masa basilla da zare,
in yi ta kame-kame kan mafarki da wanka,
da yadda tawa muryar ta fashe a Ringim
har awaki suka waiwayo.
Idona kan takalmi, nasa kan takalmi.
Jiya ya yi dariya, rabinta ta yaro, rabinta ta wani mutum
da ban gama sani ba.

Har yanzu ban ba Kamoru haƙuri ba.